Rasuwar Mai Doro, Akwatin Talabijin da Lafiya Ta Kashe

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannun dama da ya wayi gari ba shi da aikin yi, nake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki, da maƙwabta, da masu zane, da duk wanda ya taɓa zama a falona ya yi mini dariya, rasuwar akwatin talabijin ɗina, wanda aka fi sani da Mai Doro. Rai ya yi halinsa ranar Laraba da hantsi a shagon mai gyara, bayan gajeriyar jinya da ba shi ya nema ba. Ya rasu yana da shekara talatin da huɗu a hannuna, ban da waɗanda ya yi a hannun mutumin da na saye shi a wurinsa.

Ina roƙon masu zuwa ta'aziyya kada su yi mamaki in sun tarar da gawar a kunne. Tana nan kan teburinta tana nuna hoto tar, kyan da ba ta taɓa yi ba tana raye. Jiya mutum uku suka shigo, suka dubi akwatin, suka dube ni, suka ce mini barka da arziki. To ba barka ba ce. Mai Doro ya mutu, kuma lafiya ce ta kashe shi. Zan yi bayanin a rubuce, don na gaji da yi wa mutane ɗaya bayan ɗaya a bakin ƙofa.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai fenti ne. Na yi shekara ashirin ina rubuta allunan shaguna, kuma har yanzu in ka bi layin kasuwa za ka ga hannuna a kan shagon aski, da kantin magani, da rumfar mai gyaran takalmi, ko da yake rana ta ci yawancinsu. Wata rana ina zaune a layin likitan haƙori, kumatuna a kumbure, sai na ɗauki wata tsohuwar mujalla da ba na ma jin yaren da aka rubuta ta da shi. A ciki na ga hotunan waɗansu masu zane na wata ƙasa mai nisa da suka ajiye buroshi suka ɗauki kyamarar bidiyo. Wani ya ɗauki inuwarsa tana barin jikin bango. Wata ta ɗauki labulen ɗakinta iska na kaɗa shi, shi ke nan, babu mai shiga babu mai fita. Ga kuma manyan mutane sun yi tsaye a wani zaure mai ƙyalli, hannuwansu a baya, suna kallo kamar an ce kowa ya yi shiru. Aka kira ni ciki har sau biyu ban ji ba. Har yau ban san sunayen mutanen nan ba, don shafin da ke ɗauke da sunayen wani ya yage shi ya ƙunshe wani abu. Amma ina gaishe su a wannan sanarwa a matsayin dangin marigayi na wajen uba. Su ne suka nuna mini cewa zane zai iya numfashi, kuma mutum zai iya ɓata wa jama'a awa guda da mutuncinsa.

A makon na sayar da babur ɗina na sayi tsohuwar kyamara, da na'urar bidiyo, da Mai Doro. Wanda ya sayar mini da shi mutumin kirki ne, bai ɓoye mini komai ba. Ya ce akwatin yana da lalura, ya kuma nuna mini yadda ake lallaɓa ta.

Ga lalurar, don ita ce duk rayuwar marigayi. In ka kunna shi, sai ya ce tsiiii, ya yi ɗan jim, sannan ya ce ɗum, hoto ya fito. Zai yi ta aiki lafiya lau har minti goma sha tara. Da jikinsa ya ɗumama, sai hoton ya fara matsewa daga sama da ƙasa, ya koma siririn layi fari, layin ya ce zuuu, ya ɓace. A nan sai ka tashi ka tsaya a gefensa na hagu, ka ƙirga arba'in ba gaggawa, sannan ka mare shi da tafin hannu, taƙi ɗaya ƙasa da ramukan shan iska. Sai ya ce ƙirrr-ɗum, hoto ya dawo, ya kai ka har ƙarshen kaset. In ka mare shi kafin arba'in, ya yi fushi ke nan sai gobe. In ka sa ƙulli maimakon tafi, haka. Akwati ne mai son a bi masa ƙa'ida.

Uwar 'ya'yana, Allah ya jiƙanta, tela ce. Wata rana da yamma tana zaune bakin taga tana kalmasa bakin wani farin yadi da allura, sai na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku na saita ta.

Ta ce, "To ni me zan yi?"

Na ce, "Abin da kike yi. Kada dai ki motsa daga nan."

Ta ce, "To me za ka ɗauka ke nan?"

Ni ma a lokacin ban sani ba. Na danna, jar fitila ta kama, sai aka yi sallama da ni a waje, wani mai shago yana son a gyara masa harafi ɗaya da ya ce ya karkace. Harafin bai karkace ba, ginin shagonsa ne ya karkace, amma kafin in gamsar da shi kaset ya ƙare. Da na dawo na sa kaset ɗin a na'ura, na kunna su tare da Mai Doro, na zauna. Ga ta tana ɗinki, hasken taga a gefen fuskarta. Minti goma sha tara na cika, sai na ga matata tana matsewa, ta koma layi, ta ɓace. Na tashi na ƙirga arba'in, na mari akwatin, sai ga ta ta dawo da allurarta kamar ba ta je ko'ina ba. A nan na gane na yi abin da mutanen mujallar nan suke yi, kuma ba ni kaɗai na yi shi ba, mu uku ne.

Na sa wa aikin suna Tashi Ka Dawo Da Ita, na kuma kafa masa dokoki. Ba a sa kaset ɗin a wani akwati in ba Mai Doro ba. Na'ura da akwati soket ɗaya suke sha, maɓalli ɗaya ke tashinsu, don kada lokacin ɓacewar ya goce. Kuma duk wanda ya zauna kallo, shi zai tashi ya yi marin, in bai tashi ba ta tafi ke nan. Yayana da ya zo ya gani, ya yi dariya har sai da aka ba shi ruwa. Maƙwabta suka sa mini Mai Mari, sunan da ya bi ni har gidan surukai. Ita kuwa uwar 'ya'yana abin da ta ce kawai shi ne, "Kai dai ka samu abin duka wanda ba za a kai ka ƙara ba."

Shekara goma sha ɗaya ke nan da ta riga mu gidan gaskiya. Tun daga lokacin, kullum bayan la'asar nakan ja kujera in kunna, in ga ta tafi, in ƙirga arba'in, in dawo da ita. Ba zan ɓoye ba, abin da ya riƙe ni ke nan. Ranar da ta tafi ta gaskiya na ƙirga ya fi arba'in, babu gefen da zan mara. Amma a falona, sau ɗaya a rana, hannuna yana da amfani.

Halayen marigayi ba za su ƙirgu ba, sai dai in taɓo kaɗan. Mai haƙuri ne, don ya sha mari kullum na shekara talatin da huɗu bai taɓa ramawa ba, sai sau ɗaya da damina da ya ɗan ja ni da wuta, kuma wannan laifina ne, da jiƙaƙƙen hannu na je masa. Fentin gefensa na hagu ya goge har ya fito da siffar tafina, yatsu biyar cif. Mai kamun kai ne, bai taɓa nuna labarai ba, bai taɓa nuna ƙwallo ba, bai san tallar sabulu ba, eriyarsa ma tun shekarar farko na cire na ba wa maƙwabci yana shanya safa a kai. Mai nauyi ne, sai ƙarti biyu ke ɗaga shi, kuma sai sun yi nishi. Bai yarda da rimot ba, duk mai magana da shi sai ya taso ya same shi inda yake. Lokacin sanyi kyanwar gidan a kan doronsa take kwana, bai taɓa korarta ba.

Shekara talatin da huɗu muna nan mu biyu ana mana kallon waɗanda ke buƙatar addu'a, sai wata uku da suka wuce wata yarinya mai tabarau ta yi sallama. Ta ce ita ce shugabar zauren baje kolin zane da ke ɗaya gefen gari, suna neman waɗanda suka fara aikin zane da bidiyo a nan tun kafin a san sunan abin, don a karrama su. Wata ɗalibarta ce, jikar maƙwabciyarmu, ta ba ta labarin wani tsoho mai dukan talabijin. Na ba ta kujera ta ƙi, ta zauna a ƙasa. Na kunna. Da hoton ya ɓace ta waiwayo ta dube ni, na ce mata ni ba ruwana, na faɗa mata dokar, na naɗe hannuwana. Ta tashi ta ƙirga arba'in, ta mari Mai Doro wani ɗan mari na masu ilimi, amma ya karɓa. Da uwar 'ya'yana ta dawo, sai na ga yarinyar nan ta cire tabarau tana goge ido da bakin mayafi.

Ta ce, "Baba, kun kuwa san abin da kuka yi?"

Na ce, "Ni na sani tun ba a haife ki ba, 'yar nan. Ku ne kuka makara."

Aka tsai da ranar buɗe baje kolin, wato Asabar ɗin nan mai zuwa. Ɗaki guda aka ware mana, ni da Mai Doro. Ta aiko waɗansu mutane da fararen safar hannu suka auna shi tsawo da faɗi, suka ɗauki hoton tafin hannuna da ke jikinsa, ɗaya ma ya nemi izini kafin ya taɓa shi. Aka kuma ce za a rubuta sunana a bangon ɗakin. Ni da na rubuta sunayen mutane ɗari a kan alluna, ban taɓa ganin nawa da hannun wani ba. Ba zan yi ƙarya ba, na so abin nan ƙwarai. Na so yayana ya zo ya tsaya hannuwansa a baya.

Yanzu sai batun ajali. Mijin 'yar autata ma'aikacin jinya ne, yaro mai ladabi da biyayya, amma yana da aibi ɗaya, ba ya iya ganin mara lafiya ya wuce. In ka yi tari a gabansa sau biyu, kafin na uku ya miƙo maka ƙwaya. Ranar Laraba da safe na fita wurin tela don a gwada mini rigar da zan sa ranar Asabar. Ina fita ya zo kawo auta, ta ba shi labarin cewa talabijin ɗin Baba zai je gaban manyan mutane. Yaron nan ya yi tunani irin na mutanen kirki, ya ce abin kunya ne akwatin surukinsa ya mutu a tsakiyar taro har tsoho ya tashi yana dukansa a gaban baƙi. Ya kira maƙwabci suka cicciɓi Mai Doro, suka sa shi a kujerar gaba ta mota, har da ɗaura masa bel.

Suka kai shi wurin mai gyaran da ake kira Injiniya. Injiniya ya kwance sukurori takwas da ba a taɓa kwancewa ba, ya hure ƙurar shekara talatin da huɗu, ya duba da fitila, ya ga wata 'yar ƙafar waya da ta saki. Ya ɗiga mata dalma ɗigo ɗaya. An ce duk aikin bai kai minti biyar ba, kuma marigayi bai sha wahala ba.

Na dawo na tarar da surukina a tsugunne a falo yana murmushi, auta na tsaye bayansa ita ma tana murmushi. Ya ce, "Baba, ku zauna ku ga abin mamaki." Ya kunna. Mai Doro ya ce tsiiii, ya ce ɗum, yadda ya saba, don haka ban zargi komai ba. Minti goma sha tara na cika na miƙe na je gefensa na hagu na ɗaga hannu ina jiran in ji zuuu. Shiru. Na tsaya a nan hannuna a sama, su kuma duk idanunsu a kaina suna jiran in yi murna. Minti ashirin ya wuce, ashirin da biyar ya wuce, hasken allon na nan a kan bango ko gezau.

Surukina ya ce, "Baba, ai kun huta ke nan. Ba sai kun sake wahala ba."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Auta ce ta fara ganewa, ta toshe baki da hannu biyu.

A ranar muka koma wurin Injiniya da gawar. Na ce masa ya mayar wa akwatina da ciwonsa. Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni, ya dubi surukina, ya ce, "Baba, shekara ashirin ina wannan sana'a, ba a taɓa kawo mini lafiya a ce in cire ta ba." Amma da ya ga fuskata sai ya ja kujera ya gwada, kuma ina shaida masa ya yi iya ƙoƙarinsa. Ya narkar da dalmar, akwatin ya ƙi tashi sam. Ya mayar da rabi, hoton ya ɓace a minti na biyu, na mara har tafina ya yi ja bai dawo ba. Ya sassauta wata waya daban, sai uwar 'ya'yana ta fito koriya shar, kanta a ƙasa, na ce ya kashe maza. A ƙarshe ya share gumi ya ce, "Baba, wannan ciwon ba hannu ne ya yi shi ba, shekaru ne suka yi shi. Ni gyara na iya." Ya mayar da ɗigon dalmarsa, ya ɗaure sukurori takwas, ya cire hula ya ba ni haƙuri.

Na kira yarinyar mai tabarau na faɗa mata. Ta ce an riga an rubuta sunana a bango, an kuma aika wa mutane takardar gayyata. Abokan aikinta suka kawo shawarwari. Wani ya ce a sa na'urar da za ta ɗauke hoton a minti na goma sha tara, ta dawo da shi in an taɓa akwatin. Wani ya ce a nemo wani tsohon akwatin mai irin wannan lalura, kamar ana sayar da su a jere. Na ce musu duk wannan wasan yara ne. Mai Doro ba kwaikwayon mutuwa yake yi ba, mutuwa yake yi, kuma duk wanda ya ɗaga hannu bai da tabbas za ta dawo. In akwai tabbas, to me ya kawo mutum? Ta ce ta fahimta, ta ba ni zuwa Juma'a in faɗa mata ko a goge sunan.

Ranar Alhamis bayan la'asar ina ni kaɗai a gida, ƙafata ta kai ni gaban akwatin ba da shawarata ba. Na kunna na zauna. Minti goma sha tara ya cika, gwiwoyina suka motsa, na ce musu su zauna, babu inda za mu. Karo na farko ke nan a rayuwata da na ga abin da ke cikin daƙiƙa arba'in ɗin nan, don ranar da aka ɗauka ina waje ina gardamar harafi, kuma tun daga ranar duk sanda aka iso wurin allon baƙi ne.

Ta ajiye yadin a cinyarta. Ta leƙa wajen ƙofa ta tabbatar ba na nan. Sai ta rufe ido ɗaya, ta haɗa yatsunta ta yi ɗan akwati da su, ta karkatar da wuya, ta turo leɓen ƙasa, daidai yadda nake yi in ina saita kyamara, wanda ni ban ma san ina yi ba sai da na gani a fuskarta. Kaset ɗin ba ya da sauti, amma na karanta bakinta sarai, tana cewa kada ki motsa daga nan, har da ɗaga yatsa irin nawa. Sai dariya ta ƙwace mata, ta toshe baki da farin yadin mutane, kafaɗunta na rawa. Ta goge ido, ta dubi kyamarar kai tsaye, irin kallon da take yi mini in na shigo da fenti a gemu. Sannan ta ɗauki allurarta ta sunkuya. Na mayar da kaset ɗin baya na ƙirga, arba'in ne cif.

Matar nan ta zauna kusa da ni ta kalli kaset ɗin nan sau ba adadi cikin shekara ashirin da uku. Tana ganin yadda duhu ke rufe daidai wurin da ta yi tsiyarta, tana ganina ina tashi da muhimmanci ina ƙirga arba'in kamar liman, ba ta taɓa cewa uffan ba. Ashe ita da Mai Doro bakinsu ɗaya. Na yi dariya ni kaɗai a falo, daga nan abin ya juye ya zama kuka, na bar shi ya yi yadda yake so. Saboda haka a ƙara a cikin halayen marigayi cewa mai riƙon amana ne, an ba shi sirri ya riƙe har ranar da aka kwance masa baya.

Marigayi ya rasu ya bar abokiyar zamansa na'urar bidiyo, wadda ita ma shekaru sun ja kuma tana cin kaset in ranta ya ɓaci. Ya bar kaset ɗaya tilo, da soket mai baki biyu, da teburi mai ramuka huɗu inda ƙafafunsa suka nutse, da kyanwa wadda har yanzu ba a faɗa mata ba. Ya bar jikoki masu yawa a bangon gidajen mutane, sirara, marasa doro, waɗanda ko wurin mari ba su da shi. Ya kuma bar ni.

Ina amfani da wannan dama in roƙi dangi su sassauta wa surukina. Na ji yayana, wanda ya yi shekara talatin da huɗu yana dariyar akwatin nan, shi ne yanzu kan gaba wajen yi wa yaron faɗa yana cewa ya lalata kayan tarihi. Yaron ya kwana biyu ba ya cin abinci, in na shigo sai ya tashi ya fita. Na yafe masa duniya da lahira. Ya kashe mini aiki, wannan gaskiya ne, amma da bai yi karambaninsa ba da na mutu ban ga fuskar nan ba. Sai dai ina roƙonsa, in ya ji na yi tari, ya bar ni in yi na uku.

Ga yadda aka tsara ban kwana. Ranar Asabar da ƙarfe goma na safe za a fito da gawar daga gidana. Surukina zai kama gaba, Injiniya ya kama doro, don su ne suka fi kusa da shi a ƙarshen rayuwarsa. Za a kai shi zauren baje kolin zane, a ɗora shi a kan teburinsa na gida, a ɗakin da aka rubuta sunana, wanda na ce kada a goge, ko da yake na leƙa na ga harafi na uku ya ɗan karkace. Masu fararen safar hannu za su iya tsayawa kusa, amma kada kowa ya goge masa gefen hagu. Ba a buƙatar furanni, ba a buƙatar jawabi, kuma duk mai sukuddireba a aljihu ya bar ta wurin mai gadi.

Da ƙarfe huɗu za a kunna. Jama'a za su zauna su kalli tela tana ɗinki. Minti goma sha tara na cika, ni zan tashi in tsaya a gaban allon, bayana ga jama'a, fuskata gare ta. Na sa tela ya ƙara wa rigar faɗi don kada wani ya hango ta gefe, domin wannan wurin ta ɓoye shi shekara ashirin da uku, ba ni zan baje shi ga baƙi ba. Yarinyar mai tabarau ta amince da tsarin, ko da yake ta tambaye ni yadda aikin zai kasance ranar da ni ma ba na nan, na ce mata ta bari mu ga Asabar tukuna.

Sai jama'a su ƙirga arba'in ba gaggawa. In an gama, mutum ɗaya ya taso ya buga mini kafaɗar hagu da tafin hannu, ban da ƙulli, kuma a tuna ni tsoho ne. Zan matsa gefe, ta dawo muku da allurarta. In kuwa an buga aka ga ban matsa ba, kada a kira Injiniya, kada a kira surukina. A koma a zauna, a sake ƙirga mini arba'in.